Amurka ta gwada tsananin hukunci shekara 40: me ta samu?

Tambayar da aka turo ita ce: "Na ji an ce babu ƙasar da ta kai Amurka yawan fursunoni, kuma yanzu su da kansu suna kiran a rage ɗauri, a gyara gidajen yari. Ni kuwa a ganina in ba a tsananta hukunci ba, ɓarayi da 'yan daba ba za su ji tsoro ba. Me ya kai su ga haka? Ashe tsananin hukunci ba shi ne maganin laifi ba?"

Malam, ba kai kaɗai ke da wannan tunani ba, kuma ban raina shi ba. Duk wanda aka tare da wuƙa aka karɓe masa waya, ko aka kashe masa ɗan'uwa, yana da haƙƙin ya so a hukunta wanda ya aikata. Ni ma haka nake so. Sai dai Amurka ta ɗauki ainihin ra'ayin nan naka ta mayar da shi doka, ta bi shi kusan shekara 40, ta zuba masa kuɗin da ƙasashenmu ba su da ko kusa da shi. Abin da ya haifar kuwa yana nan a rubuce, shi ya sa ya kamata mu duba kafin mu bi sahunta.

A farkon shekarun 1970, fursunonin da ke gidajen yarin jihohi da na tarayya a Amurka kimanin 200,000 ne. Zuwa 2009 sun haura miliyan 1.6. In aka haɗa da waɗanda ke tsare a kurkukun ƙananan hukumomi, a 2008 adadin ya kai wajen miliyan 2.3, yau kuma yana kusa da miliyan 2. Ƙasar da mutanenta ba su kai kashi 5 cikin 100 na al'ummar duniya ba, ita ke riƙe da kusan ɗaya bisa biyar na fursunonin duniya. Gyara guda ga abin da ka ji: in an auna da yawan jama'a, El Salbador ta sha gabanta tun da shugaba Nayib Bukele ya kafa dokar ta-ɓaci a 2022 aka shiga kamen 'yan daba. Amma a cikin ƙasashe masu arziki babu mai kama ƙafarta. A kowane mutum 100,000, Amurka na tsare da sama da 500. Kanada, maƙwabciyarta, wajen 100 ne. Jamus ba ta kai 80 ba.

Abin bai faro daga mugunta kawai ba. Laifi ya ƙaru da gaske daga shekarun 1960 har zuwa 1991. A shekarar 1990 kaɗai an kashe sama da mutum 2,200 a birnin New York. Mutane sun tsorata, 'yan siyasa kuma suka gane cewa wanda ya fi nuna zafi a kan masu laifi shi ke cin zaɓe. A 1971 shugaba Richard Nixon ya ayyana shan miyagun ƙwayoyi a matsayin babban abokin gaban ƙasa. A 1973 jihar New York, ƙarƙashin gwamna Nelson Rockefeller, ta kafa dokar da ta ce wanda ya sayar da kimanin giram 56 na hodar iblis ko makamanciyarta, ɗaurin shekara 15 ne mafi ƙaranci, har zuwa rai-da-rai, kuma alƙali ba shi da ikon ragewa ko da ya ga dalili. Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya: an ƙwace wa alƙali damar duba mutumin da ke gabansa. Yaro ne ko dattijo, karon farko ne ko na goma, ɗan aike ne ko uban gida, doka ta riga ta yanke.

A 1984 aka soke sakin talala, wato sakin fursuna kafin wa'adinsa ya cika a riƙa sa masa ido, ga fursunonin tarayya. A 1986, bayan mutuwar wani matashin ɗan ƙwallon kwando mai suna Len Bias sakamakon shan hodar iblis, majalisa ta yi gaggawar kafa dokar da har yau lauyoyi ke kawo ta misali wajen rashin adalci. Hodar iblis iri biyu ce a kasuwarsu: gari mai tsada da masu hali suka fi sha, da wadda aka dafa ta dunƙule, mai arha, da ake kira kirak, wadda ta fi yawa a unguwannin talakawa baƙar fata. Sinadarin ɗaya ne. Amma dokar ta ce giram 5 na kirak ɗaurin shekara 5 ne dole, alhali sai an kama mutum da giram 500 na garin kafin ya fuskanci irin wannan hukunci. Ninki ɗari ke nan. Sai a 2010, zamanin Barack Obama, aka rage ratar zuwa ninki 18, kuma har yanzu ba a daidaita su ba.

Sannan ga dokar karo uku. Bayan wani tsohon fursuna ya sace wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Polly Klaas ya kashe ta a 1993, Kalifoniya ta kafa doka a 1994 cewa wanda ke da manyan laifuka biyu a baya, in ya sake yin na uku, shekara 25 ne zuwa rai-da-rai. Fushin da ya haifi dokar fushi ne na gaskiya. Amma dubi wanda ta faɗa kansa. Leandro Andrade tsohon soja ne da shaye-shaye ya ɗaiɗaita, yana da tarihin fasa gidaje. A 1995 ya saci kaset ɗin bidiyo 9 a kantuna biyu na Kmart, kuɗinsu duka kimanin dala 153. Aka yanke masa shekara 50 kafin ya iya neman saki. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 2003 alƙalai 5 cikin 9 suka ƙi soke hukuncin. A 1994 ɗin dai, Bill Clinton ya sa hannu a babbar dokar laifuka wadda Joe Biden ya jagoranta a majalisar dattawa. Ita ce ta ba jihohi kuɗin gina kurkuku bisa sharaɗin masu manyan laifuka su cinye kashi 85 cikin 100 na wa'adinsu, ta kuma hana fursunoni tallafin karatun jami'a. Jam'iyyun biyu duk da hannunsu a ciki.

Akwai abin da wanda bai san kotunansu ba ba zai yi zato ba: fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin da ake yankewa a can ba a yin zaman shari'a a kansu. Ciniki ake yi. Mai gabatar da ƙara ya ce wa wanda ake tuhuma, in ka amsa laifi shekara 3 ce, in ka ce sai an kira shaidu zan ɗora maka tuhumar da ke ɗauke da shekara 20. Talakan da lauyansa na gwamnati ke riƙe da ɗaruruwan shari'u, me kake jin zai zaɓa? Wasu suna amsa abin da ba su yi ba don kawai su tsira da ƙarami. Su kuma masu gabatar da ƙarar, a yawancin jihohi zaɓensu ake yi da ƙuri'a, abin da suke nuna wa masu zaɓe kuwa shi ne yawan waɗanda suka ɗaure.

Kurkukun ƙananan hukumomi kuma, kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke ciki ba a same su da laifi ba tukuna. Da yawa kuɗin beli ne ya gagare su. Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a unguwar Bronx a 2010, bisa zargin satar jakar goyo. Aka sa beli dala 3,000, iyayensa ba su da ita. Ya shekara 3 a kurkukun tsibirin Rikers, kusan 2 daga ciki a ɗakin kaɗaici. An yi masa tayin ya amsa laifi ya tafi gida, ya ƙi, ya ce bai yi ba. A 2013 aka janye tuhumar ba tare da an taɓa yi masa shari'a ba. A 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. Ba na iya karanta labarin yaron nan ba tare da raina ya ɓaci ba, domin babu wani mataki a ciki da jami'an suka ɗauka a ɓoye. Komai a takarda yake, a gaban kotu.

Nauyin bai faɗa kan kowa daidai ba. A gidajen yarin jihohi ana ɗaure baƙar fata kusan ninki 5 na yadda ake ɗaure farare. Ma'aikatar shari'ar ƙasar ta taɓa ƙiyasta cewa in aka ci gaba a yadda ake, ɗaya cikin kowane yara maza 3 baƙar fata da aka haifa a 2001 zai shiga gidan yari a rayuwarsa. Tushen yana da nisa. Gyaran tsarin mulki na 13 da ya haramta bauta a 1865 ya bar ƙofa guda: an yarda da aikin tilas in hukuncin laifi ne. Babban gidan yarin jihar Luwiziyana, wanda ake kira Angola, tsohuwar gonar bayi ce, har yau fursunoni na noma a cikinta. A can Albert Woodfox ya yi mafi yawan shekaru sama da 40 da ya kwashe a ɗakin kaɗaici kafin a sake shi a 2016. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun haramta kaɗaicin da ya wuce kwana 15 a jere.

To, mu zo ga zuciyar tambayarka. Shin ya yi aiki?

Laifi ya ragu sosai a Amurka daga 1991, laifukan zubar da jini sun faɗi da kusan rabi. Masu goyon bayan tsanani suna cewa ga shaida nan. Wani ɓangare na maganarsu gaskiya ne, don mutumin da ke kulle ba zai fasa gidan kowa ba a wannan lokacin. Amma Kanada ta ga irin wannan raguwa a shekarun nan ba tare da ta cika kurkukunta ba. New York da New Jersey sun rage fursunoninsu da kusan kwata tsakanin 1999 da 2012, laifi kuma ya faɗi a can fiye da matsakaicin ƙasa. A 2011 Kotun Ƙoli ta tilasta wa Kalifoniya rage cunkoso, domin gidajen da aka gina don mutum kimanin 80,000 suna ɗauke da kusan ninki biyu, kuma an tabbatar a gaban kotu cewa kusan kowane mako sai fursuna ya mutu saboda rashin kulawar da za a iya bayarwa. Jihar ta rage dubban mutane. Masu bincike da suka bi diddigi sun ga satar mota ta ɗan ƙaru, amma ba su ga ƙaruwar laifukan zubar da jini da aka yi ta tsoro ba. A 2014 majalisar bincike ta ƙasa ta tara manyan masana suka nazarci shekarun nan duka, suka kammala da cewa tsawaita ɗauri ba ya ƙara hana laifi sai ɗan kaɗan.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta in ka san yadda ake aikata laifi. Matashin da ya bugu ya zare wuƙa ba ya lissafin ko shekara 10 ce ko 20, yawancinsu ba su ma san abin da doka ta tanada ba. Abin da ke zuciyarsa guda ne: za a kama ni ko ba za a kama ni ba? Tabbacin kamu ne ke hana laifi, fiye da tsawon ɗauri nesa ba kusa ba. A nan kuwa Amurka ta yi rauni. A 'yan shekarun nan kusan rabin kisan kai da ake yi ba a kama kowa a kansu, fashin gida kuma waɗanda ake warwarewa ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. Ƙasar na kashe wajen dala biliyan 80 a shekara kan tsare mutane, Kalifoniya kaɗai na kashe sama da dala 100,000 a kan fursuna guda a shekara, alhali mai kisa yana da damar rabi-da-rabi ya sha.

Na biyu, laifi yana tafiya da shekaru. Yana tashi a ƙarshen ƙuruciya, ya fara sauka bayan an haura ashirin da 'yan kai, mutumin da ya kai 50 kuwa da wuya ya koma fashi. Amma a Amurka kimanin mutum 200,000 ne ke zaman ɗaurin rai-da-rai ko wa'adin da ba za su rayu su gama ba, wato kusan ɗaya cikin fursunoni 7. Ana riƙe tsofaffi masu ciwon suga da hawan jini, wasu a keken guragu, saboda abin da suka aikata suna 'yan 19. Ɗauri kamar magani ne, ƙwaya biyu ta sauƙar da zazzaɓi, ashirin ta kwantar da mutum.

Na uku, kuma shi ne wanda na fi so ka riƙe: aƙalla kashi 95 cikin 100 na fursunonin jihohi wata rana za su fito. Za su dawo unguwa, su hau mota ɗaya da 'ya'yan mutane. Wane irin mutum ne gidan yarin ya mayar da su? Wanda aka doka, aka kulle shi kaɗai, ya rasa aiki da aure, ya fito da tabon da ke hana shi samun haya ko aiki, a wasu jihohin har da ƙuri'a, ina zai nufa? Ma'aikatar shari'a ta bi sawun waɗanda aka saki a jihohi 30 a 2005. Cikin shekara 3 an sake kama kashi 68 cikin 100, cikin shekara 9 kashi 83. Duk wanda aka sake kamawa da sabon laifi, akwai wanda ya cuta a waje. Shi ya sa nake cewa gyaran gidan yari kariya ce ga wanda bai taɓa shiga ba. Kuma ba a maganar yara sama da miliyan 5 da suka taɓa ganin uwa ko uba a kurkuku.

Masu gyaran ba 'yan sassauci kaɗai ba ne. Teksas, jihar da ta fi kowace zartar da hukuncin kisa, ita ce a 2007 aka ce mata tana bukatar ƙarin gadaje 17,000, kuɗinsu wajen dala biliyan 2. 'Yan majalisarta masu ra'ayin riƙau suka ce a'a, suka sa dala miliyan 241 a wuraren raba mutane da shaye-shaye, kula da masu taɓin hankali da sa ido kan masu ɗaurin talala. A 2011 jihar ta rufe gidan yari karo na farko a tarihinta, wasu suka biyo baya, laifi kuma ya ci gaba da sauka. A 2018 Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta rage wasu hukunce-hukuncen dole na tarayya. A 2023 aka maido wa fursunoni tallafin karatun da aka ƙwace a 1994, bayan binciken cibiyar RAND na 2013 ya nuna cewa wanda ya yi karatu a ciki, yiwuwar komawarsa ta ragu da kashi 43 cikin 100.

Ana yawan kawo Norwe misali, da gidan yarinta na Halden da aka buɗe a 2010, inda gandiroba ke yin horon shekara 2 kafin ya kama aiki, kuma kimanin kashi 20 cikin 100 ne ake sake yanke wa hukunci cikin shekara 2. Abin koyi ne, sai dai ƙasa ce ƙarama mai arzikin mai, kuma ma'aunin nasu ya bambanta da na Amurka. Ni Finlan ta fi gamsar da ni. A wajen 1950, tana fama da talaucin bayan yaƙi, tana ɗaure kusan mutum 190 a kowane 100,000, ninki uku na maƙwabtanta. Da gangan ta shiga rage wa'adin sata da tuƙi cikin maye, ta faɗaɗa ɗaurin talala, aikin al'umma da tara gwargwadon samun mutum. Zuwa shekarun 1990 ta sauko wajen 60. Laifi a Finlan kuwa ya riƙa hawa da sauka daidai da na Suwidin da Norwe da Danmak, waɗanda yawan fursunoninsu bai canza sosai ba.

Akwai wurin da wasu masu kiran gyara ke kauce wa gaskiya, kuma gara in faɗa maka. Suna magana kamar duk 'yan ƙwaya ne suka cika kurkuku, ko kamfanoni masu zaman kansu ne tushen matsalar. Kamfanonin na riƙe da kimanin kashi 8 cikin 100 ne kawai. Masu laifin ƙwaya kusan rabin fursunonin tarayya ne, amma a jihohi, inda mafi yawan fursunoni suke, ba su kai ɗaya bisa biyar ba, fiye da rabi kuwa laifin tashin hankali ne ya kai su. Don haka ba za a yi gyara na gaske ba sai an yarda a tambayi shekara nawa ta dace da wanda ya yi fashi ko ya ji wa mutum rauni. Akwai kuma mutanen da dole a tsare, wasu har ƙarshen rayuwarsu. Ko Norwe, mutumin da ya kashe mutum 77 a 2011 an yanke masa shekara 21 ne da sharaɗin a ci gaba da tsawaitawa muddin yana da haɗari.

Mu a Najeriya ciwonmu daban ne, amma akwai inda ya haɗu da nasu. Fursunoninmu wajen 80,000 ne, kaɗan ne in aka kwatanta da yawan jama'a. Sai dai kimanin kashi biyu bisa uku masu jiran shari'a ne. Labarin Browder a nan ba baƙo ba ne: 'yan sanda su kai mutum gaban majistaren da ba shi da hurumin sauraron tuhumar, a tura shi waƙafi ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, fayil ya kwanta, shekaru su wuce. Yaron da ake zargi da satar waya ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi ya fito da sana'ar da bai shiga da ita ba. A ƙarshen 2023 ma'aikatar cikin gida ta sanar da sakin sama da mutum 4,000 waɗanda tara ce kawai ta riƙe su.

Dokokin gyaran ma muna da su. Dokar 2019 da Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda ta mayar da hukumar gidajen yari ta gyaran hali, ta tanadi aikin al'umma, ɗaurin talala da sasanci tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta, har ta ba da damar ƙin karɓar sababbin fursunoni in gida ya cika. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata, ta kuma ƙayyade umarnin tsarewa na farko zuwa kwana 14, jihohi kuma sun yi nasu irinta. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Saboda haka, Malam, in ɗan majalisarku ya zo yana alƙawarin dokar da za ta ninka ɗaurin masu ƙwacen waya, ka tambaye shi mutum nawa aka kama aka gama shari'arsu bara a mazaɓarsa, da kuma nawa aka ware wa masu bincike da lauyoyin gwamnati. In kuma kana da ɗan'uwa da ya daɗe a waƙafi ba a kai shi kotu ba, ka nemi lambar shari'arsa da ranar da aka fara tsare shi, ka kai ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta na jiharku, ka kuma rubuta wa babban jojin jiha kafin ziyarar da yake kaiwa gidajen yari, domin a irin wannan ziyara doka ta ba shi ikon sakin wanda ya zauna fiye da wa'adin da za a yanke masa ko da an same shi da laifin.